Taga a Jikin Bango: Tarihin Dabarun Gano Kuskure a Titin Bayanai na Kwamfuta

Gabatarwa

Duk kwamfuta, ƙarama ce ko babba, tamkar gari take mai unguwanni. Akwai ƙwaƙwalwa mai lissafi, akwai ma'adana mai ajiye bayanai, akwai kuma ƙofofin da saƙo ke shiga da fita ta cikinsu. Waɗannan sassa ba sa amfanar da kowa sai sun yi magana da juna, kuma hanyar da suke bi wajen maganar ita ce jerin siraran wayoyi da injiniyoyi ke kira bas, wanda a wannan maƙala za a kira shi titin bayanai. A kan wannan titi ne lambobin sifili da ɗaya ke kai da kawowa sau miliyoyi a cikin daƙiƙa guda. Idan lamba ɗaya ta makara, ko sassa biyu suka yi magana a lokaci guda, na'ura na iya sandarewa, ko kuma ta ci gaba da aiki tana ba da amsar ƙarya, wanda shi ne mafi muni.

Makanikin mota yana iya kasa kunne ya ji inda inji ke ƙara. Mai gyaran kwamfuta ba shi da wannan gata, domin saƙon lantarki ba ya ƙara, ba ya kuma tsayawa a kalle shi. Saboda haka tun farkon zamanin kwamfuta injiniyoyi ke neman hanyar huda taga a jikin na'ura don su ga abin da ke wucewa a titi. Da yawa daga cikin waɗannan dabaru an yi musu rajista an karɓi takardar mallakar ƙirƙira a kansu. Wannan maƙala za ta bi sawunsu daga 1947 zuwa yau, ta kuma nuna cewa dabarun da suka yi tsawon rai su ne waɗanda masu su suka sassauta riƙo, suka bar wasu suka leƙa ta tagar. Batun wanda aka yarda ya leƙa, kamar yadda za a gani, shi ne batun wanda aka yarda ya yi gyara.

Cinikin da ke cikin takardar mallaka

Kafin a shiga cikin na'ura, ya kamata a fahimci takardar ita kanta. A 1474 hukumar birnin Benis da ke ƙasar Italiya ta yau ta kafa dokar da ta bai wa wanda ya ƙirƙiro sabuwar na'ura ikon hana wasu kwaikwayonta har tsawon shekara 10. Ingila ta yi tata dokar a 1624 da wa'adin shekara 14, Amurka kuma a 1790. Tun daga 1995, yarjejeniyar ƙungiyar ciniki ta duniya ta sa wa'adin ya zama aƙalla shekara 20 daga ranar da aka shigar da takardar nema.

Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Hukuma ta tsare masa kasuwa na ɗan lokaci, shi kuma ya bayyana sirrin dabararsa a rubuce, da zane, ta yadda duk masanin sana'ar zai iya haɗa irinta. Idan wa'adi ya cika, dabarar ta zama ta kowa. Wannan ciniki yana da wata sarƙaƙiya idan aka zo ga titin bayanai, domin titi ba ya amfani sai mutane da yawa na bin sa. Wanda ya mallaki dabarar da ake amfani da ita a cikin na'ura ɗaya tak, yana iya rufe ƙofarsa ya ci riba. Wanda ya mallaki hanyar da na'urorin kamfanoni daban-daban ke magana da juna, idan ya tsaurara, sai su yi wa kansu wata hanyar.

Zamanin da ake gani da ido

A ranar 9 ga Satumba, 1947, ma'aikatan da ke kula da kwamfutar Mark II ta Jami'ar Harvard suka sami wani ƙwaro mai fukafukai, irin masu bin haske da dare, ya maƙale a cikin ɗaya daga cikin makunnan na'urar. Suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu, kuma shafin yana nan a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton. An fi danganta yaɗuwar labarin da Grace Hopper, wadda ke cikin ayarin masu aiki da na'urar. Kiran matsalar inji da sunan ƙwaro ya girmi wannan rana, domin Thomas Edison ya yi amfani da kalmar a wata wasiƙa tun 1878. Abin lura a labarin shi ne girman na'urar: kuskure yana da jiki, mutum na iya zura hannu ya ciro shi.

Kwamfutocin da suka biyo baya suna da jerin fitilu a gabansu, kowace fitila tana wakiltar waya ɗaya. Ma'aikaci na iya tsayar da na'ura, ya sa ta tafi taki ɗaya-ɗaya, yana karanta abin da ke kan titi daga fitilun. Idan ana son ganin siffar saƙon kansa, sai a ɗauko osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar lantarki a kan gilashi. Kamfanin Tektronix, wanda aka kafa a 1946 a jihar Oregon, ya yi suna da osiloskof mai ɗana tarko, wanda ke jira sai saƙon da ake nema ya iso sannan ya fara zane, ta yadda hoton ke tsayawa cak a gaban mai kallo.

A nan ne aka fara ganin tsadar takardar mallaka a wannan fage. Gwamnatin Amurka ta bai wa wasu kamfanoni kwangilar ƙera mata na'urori masu kama da na Tektronix a farashi mai sauƙi. A 1961 Tektronix ta maka gwamnatin a kotu, ta kuma yi nasara, amma sai da aka shafe sama da shekara 15 kafin maganar diyya ta kammala. Takarda ta kare mai ita, sai dai a fagen da na'ura ke tsufa cikin ƴan shekaru, shari'a mai irin wannan tsawo takan ƙare bayan dabarar da ake rigima a kanta ta zama tsohon yayi.

Lokacin da titi ya cika

A 1971 kamfanin Intel ya fitar da 4004, ƙwaƙwalwar kwamfuta sukutum a cikin ƙwayar lantarki guda, irin ƙwayar da masu gyara ke kira aisi. A 1974 ya fitar da 8080, mai ƙafa 40, wadda 16 daga cikin ƙafafunta na nuna adireshi ne, 8 kuma na ɗaukar bayanai. Osiloskof na yau da kullum yana kallon waya biyu ne ko huɗu. Mai neman kuskure a titi mai waya 24 da irin wannan na'ura ya zama kamar mai son fahimtar zaman majalisa alhali mutum biyu kaɗai yake ji. Ga kuma wata matsalar: kuskuren titi sau da yawa ba ya maimaita kansa, yakan faru sau ɗaya ya wuce, kuma abin da ya haddasa shi ya riga ya gabata kafin alamarsa ta bayyana.

Amsar ta fito daga kamfanin Hewlett-Packard. A 1973 ya fitar da 5000A, na'urar tantance sigina mai layi biyu na fitilu, kowane layi fitila 32. Ba da jimawa ba wani sashen kamfanin da ke Colorado Springs, ƙarƙashin jagorancin Charles House, ya fitar da wadda ke karanta waya 12 a lokaci guda tana rubuta sifili da ɗaya a kan gilashi. Hikimar waɗannan na'urori tana cikin ma'adanarsu. Suna naɗar abin da ke wucewa ba tsayawa, sabon bayani na ture tsoho, har sai sharaɗin da injiniya ya ɗana ya cika, sannan su tsaya. Da haka mutum ke iya karanta abin da ya faru kafin kuskure, wato ya bi sawun ɓarawo daga inda ya fito. Intel ta kawo tata dabarar a 1975 da ICE-80: a cire ƙwaƙwalwa daga gurbinta, a soka na'urar da ke kwaikwayonta, wadda injiniya ke iya tsayarwa ya tambaye ta abin da ta gani.

Waɗannan kayan na injiniyoyi ne masu zurfin ilimi. A 1977 Hewlett-Packard ta fitar da 5004A domin mai gyara na gama-gari, bisa wata dabara da Gary Gordon da abokan aikinsa suka mallaka. Na'urar tana tattara dogon jerin lambobin da suka bi ta waya ɗaya, ta dunƙule su zuwa alama mai harafi huɗu, wadda ake kira sa hannu. Kamfanin da ya ƙera kaya zai buga sa hannun kowace waya a littafin gyara. Mai gyara ya ɗora tsinken na'ura a waya, ya kwatanta da littafi, ya bi baya har ya iso ƙwayar da saƙo ke shiga lafiya ya fito a gurɓace. Yiwuwar gurɓataccen dogon saƙo ya ba da sa hannu na ƙwarai kusan ɗaya ce cikin 65,536. Amma dabarar ba ta aiki sai mai ƙera kaya ya yarda ya buga littafin, kuma wannan sharaɗi zai sake bayyana a gaba.

A wannan zamani ne kamfanin ya yi wani zaɓi da ya yi tasiri. Ya ƙirƙiro titin da zai haɗa na'urorin gwaji da kwamfuta, mai waya 16, wanda na'ura 15 ke iya hawa. Waya uku daga ciki na musabaha ne: mai aika saƙo ba zai ci gaba ba sai na'ura mafi nawa a titin ta ce ta karɓa. Kamfanin ya mallaki wannan dabara, amma ya bayar da lasisinta a kan kuɗi kaɗan, a 1975 kuma ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta amince da titin a matsayin ƙa'ida mai lamba 488. Har yau ana samun sa a ɗakunan gwaji.

Darasin wanda ya tsaurara

Kishiyar wannan zaɓi ta faru a kamfanin IBM. Kwamfutarsa ta 1981 ta zo da titin da aka bayyana tsarinsa a littafi, kowa na iya ƙera allon da zai hau kansa, har wasu kamfanoni suka riƙa ƙera kwamfutar gaba ɗaya. A 1987 IBM ta so ta dawo da kasuwa hannunta, ta fitar da sabon titi mai suna Micro Channel, wanda ya fi na dā inganci, ta kuma kewaye shi da takardun mallaka da kuɗin lasisi. A 1988 kamfanoni tara, da Compaq a kan gaba, suka haɗa kai suka fito da nasu titin mai suna EISA wanda ke karɓar tsofaffin alluna. A 1992 Intel ta gabatar da PCI ta miƙa kula da shi ga ƙungiyar kamfanoni, cikin ƴan shekaru kuma IBM da kanta ta koma kansa.

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya bi tsaka-tsaki da titinsa mai waya biyu, I2C, wanda ya fito a 1982 don haɗa ƙwayoyin cikin talabijin. Ya karɓi kuɗin lasisi tsawon shekaru, har wasu kamfanoni suka riƙa kiran nasu da wani suna. Daga Oktoban 2006 aka daina biyan kuɗin lasisin amfani da tsarin, kuma a yau ɗalibi na iya sayen ƴar ƙaramar na'urar tantance sigina mai araha ya karanta wannan titi a ɗakinsa. Cinikin da Benis ta faro ya cika alkawarinsa a nan: an ci riba, wa'adi ya ƙare, ilimi ya rage.

Lokacin da ƙafafu suka ɓuya

Duk dabarun da aka ambata suna bukatar abu ɗaya, wato wurin da ƙarfe zai taɓa ƙarfe. A masana'anta ana ɗora allon lantarki a kan wani faranti mai ɗaruruwan tsinkaye, wanda ake kira gadon ƙusoshi, kowane tsinke ya taɓa mahaɗa ɗaya. A shekarun 1980 wannan hanya ta fara toshewa. Ƙwayoyi suka ƙanƙance, aka riƙa manna su a fuska biyu na allo, wayoyi suka nutse cikin shimfiɗun allon, daga baya ma aka fito da ƙwayoyin da ƙafafunsu ƙananan dunƙulen dalma ne a ƙarƙashinsu, inda ido ba ya gani, tsinke ba ya kai wa.

Tushen mafita ya riga ya wanzu. A 1973 Edward Eichelberger na IBM ya sami takardar mallaka a kan wata dabara: a haɗa ƙananan ma'adanan cikin ƙwaya su zama sarƙa, ta yadda a lokacin gwaji za a iya zura lambobi ta baki ɗaya a zaro su ta ɗaya bakin, kamar yadda ake zura zare a cikin duwatsun ado. Sai dai kowane kamfani da irin sarƙarsa, allo ɗaya kuwa yana ɗauke da ƙwayoyin kamfanoni da dama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1985 injiniyoyin wasu kamfanonin Turai, da na Philips a sahun gaba, suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa kan gwaji da aka taƙaita sunanta JETAG. Da kamfanonin Amurka suka shigo sai aka cire harafin da ke nufin Turai, ta zama JTAG, a 1990 kuma aikinta ya zama ƙa'idar IEEE mai lamba 1149.1.

Tsarin mai sauƙi ne. A bayan kowace ƙafa ta ƙwaya, daga ciki, an dasa ɗan tantani mai iya riƙe lamba ɗaya. Tantanin duka suna haɗe a sarƙa, sarƙar ƙwaya ɗaya kuma tana haɗe da ta maƙwabciyarta. Waya huɗu kaɗai ke fitowa waje: ta bugun agogo, ta zaɓen yanayi, ta shigar bayani, da ta fitarsa. Ta waɗannan huɗu injiniya ke umartar ƙwaya ɗaya ta aika saƙo, ya tambayi ɗaya ko ya iso, ya gane wayar da ta yanke ko biyun da dalma ta haɗe, ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Ƙa'idar a buɗe take, amma hakan bai hana ƙirƙira ba. Lee Whetsel na kamfanin Texas Instruments, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, ya tara ɗaruruwan takardun mallaka, da yawansu a kan hanyoyin faɗaɗa wannan tsari. Kamfanoni sun yarda ƙofa ta zama ta kowa, gasa kuma ta koma kan abin da kowa ya gina a bayanta.

Ba a jima ba masu ƙera ƙwaƙwalwa suka gane cewa ƙofar da aka yi don gwajin dalma za ta iya zama ƙofar shiga ƙwaƙwalwa kanta. Ƙwaƙwalwar ARM7TDMI, wadda ta motsa wayoyin Nokia masu yawa a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, tana ɗauke da wannan a cikin sunanta, domin haruffan D da I suna nuni ne da kayan gano kuskure da aka gina a jikinta. Wannan ya zama dole, ganin cewa titin da kansa ya koma cikin ƙwaya, wanda ya rage a waje kuma ya yi gudun da ba a taɓa shi. PCI Express na 2003 yana aika sigina biliyan 2.5 a daƙiƙa a kowane layi, kuma a irin wannan gudu tsinken gwaji kansa yana gurɓata saƙon da ya zo aunawa. Na'urar tantance sigina da dā ake turowa a kan keke ta zama ɗan lungu a cikin ƙwaya, tana naɗar abin da ke faruwa tana miƙo shi waje.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma taga ma tsaga ce. Ƙofar da ke barin injiniya ya tsayar da ƙwaƙwalwa ya karanta ma'adana tana barin wanin injiniya ya yi hakan. A 2009 masu kutse suka yi amfani da ƙafafun JTAG na na'urar wasa ta Xbox 360 wajen sa ta gudanar da manhajar da Microsoft bai amince da ita ba. A Disamban 2016, a wani taro a birnin Hambug na Jamus, masu bincike daga kamfanin Positive Technologies suka nuna yadda za a iya kai wa ga ƙofar gano kuskure ta sababbin ƙwaƙwalen Intel ta kafar USB kawai, idan an bar ta a buɗe. Kamfanoni suka ƙara kulle ƙofofin kafin kaya su bar masana'anta, wasu da kalmar sirri, wasu ta ƙona ɗan fiyus a cikin ƙwaya. Hujjarsu ta tsaro gaskiya ce. Amma makullin da ke hana ɓarawo shi ne ke hana mai gyara, kuma kamfani ne ke cin ribar gyaran da ba wanda zai iya sai shi.

Harkar mota ta nuna cewa hukuma na iya shiga tsakani. Kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar da titin CAN a 1986 a birnin Detroit, don ƙananan kwamfutocin mota su yi magana ta waya biyu. Daga 1996 doka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da kafar bincike iri ɗaya mai ƙafa 16, saboda sa ido kan hayaƙi. A 2012 masu zaɓe a jihar Massachusetts suka amince da dokar da ta wajabta wa kamfanoni bai wa makanikai masu zaman kansu bayanan gyara.

Waɗannan yanke shawara na nesa suna da tasiri a ƙasar Hausa, inda galibin motoci na hannu ne, kuma gyara ke tsawaita ran motoci da wayoyi. Makanikin da ya soka ƴar na'ura a ƙarƙashin sitiyarin motar da aka shigo da ita, ya karanta P0300 ya san inji na tsallake wuta, yana cin gajiyar dokar 1996 ne. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano da ya jona akwatinsa da ƙananan ɗigo a jikin allo don farfaɗo da wayar da ta mutu, yana shiga ne ta irin ƙofar da aka amince da ita a 1990. Duk lokacin da wani kamfani ya kulle tasa, aikin da waɗannan mutane ke iya yi yana raguwa, na'urar da ke da sauran amfani kuma ta koma bola.

Kammalawa

Daga ƙwaron Harvard zuwa waya huɗu na JTAG, na'ura ta yi ta ɓoye titinta, injiniyoyi kuma suna ta huda sabuwar taga. Takardar mallaka ta biya waɗanda suka huda, ta kuma tilasta musu rubuta yadda suka yi, shi ya sa ɗalibi a yau ke iya karanta takardar Eichelberger kyauta a intanet ya koyi dabarar daga bakin mai ita. Amma tarihin ya nuna iyakarta. IEEE 488 da JTAG da I2C sun yaɗu ne a daidai gwargwadon yadda aka sassauta riƙonsu, Micro Channel kuwa ya shuɗe duk da ingancinsa. Abin da ya sauya a yau shi ne kayan tsaro sun koma kalmar sirri da fiyus, waɗanda ba su da wa'adin shekara 20, ba sa kuma bayyana komai ga jama'a. Aikin da ke gaban masu doka da injiniyoyi, har da namu, shi ne samar da ƙofar da za ta hana ɓarawo ba tare da ta hana mai kaya da mai gyaransa ganin abin da ke wucewa a titin na'urar da suka saya da kuɗinsu ba.